Gidan da muke son saya wa Mma a Asawase, da abin da na tarar a fayil ɗinsa

Wata huɗu kenan ina yawo a kan maganar gida ɗaya, ƙawayena na kasuwar Kejetiya a nan Kumasi har sun gaji da tambayata wai an saya ne ko ba a saya ba, toh yau na ce bari in zauna in rubuta komai yadda ya faru, dan na san a Zangon nan ba mu kaɗai bane muke tara kuɗi dan mu fitar da iyayenmu daga haya.

Mma shekararta 31 a ɗaki ɗaya da baranda a Aboabo. Nan ta haifi autanmu, nan aka yi wa babanmu wanka aka fita da shi. Duk damina in rafin Pelele ya cika sai mun ɗaga katifa da akwatuna kan benci mu kwana a zaune, mai gidan kuma duk shekara biyu sai ya zo da sabon farashi kuma adibas na shekara biyu cif yake so, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta ce, amma dan Allah waye zai kai mai gidansa ƙara sannan ya dawo ya kwana a ɗakinsa? Yayana da yake Italiya shekara 14 yana aikin masana'anta, tun ranar da ya tafi maganarsa ɗaya ce, kafin Mma ta bar duniya sai ta kwana a ɗakin da ba mai buga mata ƙofa ya ce wata ya ƙare. Shi yake turo babban kaso, ni da ƙanwata muna ƙara na adashi a kai, har Allah ya sa abin ya taru.

Mma kuma ta ce ita fa ba za a kai ta bayan gari ba. An nuna mana filaye can wajen Kenyasi da Abirem masu sauƙin kuɗi, ta ce in ta je can wa zai kai ta makaranta ran Asabar, wa za ta yi wa gaisuwar mutuwa, ita inda take jin kiran sallar da ta saba nan take so. Shi yasa da wani dillali, dattijo ne da kawuna ya sani a masallaci, ya ce akwai gida a Asawase za a sayar, ban ma tsaya cin abinci ba na hau pragya, keke mai ƙafa uku, na tafi.

Gidan ya min kyau wallahi. Shago biyu a gaba, get na ƙarfe, falo da tayil, ɗakuna biyar, bayi biyu a ciki, ga famfo. Dillali ya ce "Hajiya wannan kakansu ne ya gina da hannunsa, filin sarki ne, in kin saya naku ne har jikokin jikoki, takardu kuma kammalallu." Ya ce sai dai in yi sauri dan akwai wani borga, wato ɗan gida mazaunin Turai, daga Jamus da ya gani yana so, in kawo kafin alƙalami kafin Juma'a. Mai sayarwan yana tsaye a gefe, babban ɗan marigayi mai gidan ne, bai cika magana ba, abin da dillali ya faɗa kawai yake gyaɗa wa kai.

Abin da ya tsaya min a rai ɗakuna biyu ne na can tsakiya. In ka fito daga falo sai ka sauka taki ɗaya kafin ka shiga cikinsu, rufinsu ƙasa-ƙasa, tagoginsu ƙanana masu murfin katako irin wanda yanzu ba kafintan da yake yi. A bayan ƙofa fenti ya ɓare, na sa yatsa na taɓa, bulon ciki ja ne kamar ƙasar marmara, ba ruwan toka ba irin na siminti da yake sauran ɗakunan. A saman ƙofar kuma akwai harafi ɗaya da lamba, an shafe su da fenti ya fi sau uku amma in haske ya bugi wurin ana gani. Da na fito na tsaya a bakin titi na duba layin gaba ɗaya, gaban kowane gida daban, wani bene wani shago wani katanga, amma in ka ɗaga kai ka kalli tsakiyarsu sai ka ga tsohon rufi iri ɗaya, tsayi ɗaya, a jere kamar an ja da igiya. Kakan mutum ɗaya dai ba zai gina wa duk layi ba.

Na tambayi dillali, Baba wannan ba gidan estet bane, irin wanda gwamnati ta gina? Ya ce a'a estet ɗin daga can gaba ya fara, nan gefe ne. Ban yi masa musu ba, dattijo ne, na ce zan yi shawara da Yaya.

Washegari da sassafe na koma ni kaɗai ban gaya wa kowa ba. Gida na uku daga nan akwai wata tsohuwa da jikokinta suke sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, tana zaune kan kujera 'yar tsugune da carbinta. Na durƙusa na gaishe ta, na sayi koko, ta ce "ke 'yar wace ce?" na faɗa mata, ashe ta san Mma a wajen wa'azi. Nan fa hira ta buɗe. Na ce Hajiya gidan can muke so mu saya wa Mma. Ta yi shiru kaɗan sannan ta ce "'yata, gida kam mai albarka ne, amma wa ya ce muku kakansu ya gina? Ni aka kawo ni amarya layin nan, duk ɗakunan gwamnati ne, haya muke biya, bayi ma na tarayya ne can ƙarshen layi, da asuba layi muke yi da butocinmu."

Ta ce wanda ya fara zama a ɗakunan nan biyu wani tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Bama, dogo, baya son hayaniya, yana da wani akwatin ƙarfe da baya barin yara su zauna a kai. Ya zauna har shekarar da Firaminista Busia ya ce baƙi su fita. Wannan kam duk ɗan Zango ya ji labarinsa a bakin kakanni, ƙarshen 1969 ne, sati biyu aka ba duk wanda bashi da takardar zama ya bar ƙasa, mutane suka sayar da abin da suka tara shekara da shekaru a kuɗin banza, wasu ma ba su sayar ba, makulli kawai suka miƙa wa maƙwabci. Ta ce sojan nan da ya yi wa ƙasar nan yaƙi haka ya ɗaure kayansa ya hau babbar mota, ta ce tana tsaye da goyo a bayanta ya kira abokinsa ya ba shi makulli da katin haya ya ce riƙe min in na dawo. Bai dawo ba. Abokin nan shi ne baban mai sayar mana da gida. Shi ya ci gaba da biyan haya, daga baya da aka fara sayar wa mazauna ciki da gidajen ya saya, sannan a hankali a hankali ya ƙara ɗaki, ya ƙara ɗaki, duk yaron da ya isa aure a yanka masa wuri a tsakar gida, har ɗakunan asali suka shige ciki ba a ganinsu daga waje.

Na daɗe a wurin, kokon ma ya huce a hannuna. Na zo tambayar takarda ne amma na tashi da tunanin mutumin nan da makullinsa.

Da na gaya wa wata ƙawata ta ce haba, duk kuɗin Turai ɗin nan a ƙare a gidan talakawa na gwamnati? Maganar ta min zafi. Mu ɗin su waye? A ɗaki ɗaya aka raine mu mu shida. Ni gidan ma sai ya ƙara min daraja a ido da na ji tarihinsa. Daga baya na bi diddigi na karanta, Asawase tun wajen 1945 aka fara gina shi, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya ƙare sojoji suna dawowa gari ya cika ba wurin kwana, injiniyan garin Kumasi na lokacin wani Bature ne Alcock, shi ya yi dabarar haɗa jar ƙasa da siminti kaɗan a buga bulo dan abin ya yi araha, wato jan bulon da na taɓa da yatsana kenan, kusan shekara 80 yana tsaye. Sojojin nan kuma da yawansu mutanen arewa ne, Hausa ce ma yaren bariki a lokacin, dan haka ba abin mamaki bane unguwar ta zama tamu. A 1956 aka kafa hukumar gidaje ta Gold Coast, ita ce ta zama State Housing, a 1995 aka mayar da ita kamfani amma har yau ta gwamnati ce. Suntreso, Kwadaso, Patasi, Chirapatre, Buokrom, duk estet ɗinsu ne a nan Kumasi, a Ankara kuma ga Kaneshie ga Dansoman. Wanda zai saya a Tema shi kuma TDC, kamfanin gidajen Tema, zai nema, filat ɗin Asuoyeboah na hukumar fansho SSNIT ne, kowanne da mai shi.

Abin da ya dame ni ba wai gidan na estet bane, abin da ya dame ni shi ne an ce min ba na estet bane. In mutum ya ɓoye maka abin da ba aibi ba, toh akwai wani abu a bayansa.

Yaya ya ce in nemi lauya ko nawa ne, kar in ba kowa ko pesuwa. Na samu wata lauya, Batoniya ce, mace mai haƙuri, na kai mata hoton takardun da aka bani, sait filan, wato taswirar fili, da wata indenca, takardar ciniki, da ba ta da hatimin Lands, hukumar filaye. Abu na farko da ta fara gyara min shi ne maganar "har jikokin jikoki". Ta ce ko da filin sarki ne da gaske, tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da filin kujerar sarauta saye na har abada, lis ne ake bayarwa na shekaru, wanda ba ɗan ƙasa ba ma ba zai wuce shekara 50 ba. Ta tambaye ni Yaya fa, na ce ya karɓi fasfon Italiya amma bai saki na Gana ba, Ghana Card ɗinsa na nan, ta ce toh ba matsala. Ta ce kuma in filin sarki ne a Kumasi dole a ga takardar rabon fili daga sarkin yankin, kuma sai ta bi ta ofishin filaye na Asantehene a Manhyia an amince, ina take? Babu ita a cikin abin da aka bani.

Sai muka shigar da sac a Lands Commission. Ba wani abu mai wuya bane, sait filan ake kaiwa a biya kuɗi a karɓi rasit, su duba a littattafansu su rubuto maka sunan wanda filin yake hannunsa da duk cinikin da aka taɓa rubutawa a kansa. Ni da farko ina tsoron ofisoshin nan, ina ganin sai wanda ya yi boko mai zurfi, ashe in kana da sait filan ɗinka kowa zai iya. Da sakamako ya fito ba sunan kakan kowa a ciki, wurin gaba ɗaya yana cikin babban filin da yake hannun State Housing. Lauya ta ce toh yanzu mun san ƙofar da za mu buga, tarihin gidan ba a Lands yake ba, yana cikin fayil ɗin masu estet.

Nan lambar da aka shafe da fenti ta yi amfani. Adireshin zamani na GhanaPost da yake manne a get bai taimaka ba, tsohuwar lambar suke so, harafin nan da lamba, na koma na haska da tocilan waya na kwafo. Lauya ta ce fayil na mai gida ne, gara mu tafi da mai sayarwa. Na kira shi na ce Yaya dan Allah ka raka ni ofishin estet, ya yi shiru a waya har na ɗauka layi ya yanke, sannan ya ce toh Hajiya, ranar Talata.

Fayil ɗin da aka fito da shi ya tsufa, bangonsa ya yi laushi, an ɗaure da zare. Takarda ta farko katin haya ne da sunan sojan nan, kuɗin a sule aka rubuta dan sidi bai zo ba sai 1965. Sai takardar da aka mayar da haya sunan baban mai sayarwa, sai wasiƙar tayin saye, sai rasit-rasit na biya kaɗan-kaɗan, sai lis ɗin kansa da sunan marigayi. Mutumin nan yana zaune kusa da ni, da ya ga sa hannun babansa sai ya cire hula ya riƙe a hannu, bai ce komai ba. Ni ma sai na ji ba zan iya yi masa faɗan da na shirya ba.

Amma abin da yake ciki yana ciki. Shekara 17 suka rage a lis ɗin, in sun ƙare sai an koma an nemi sabuntawa kuma da kuɗi, ba kyauta ba. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara rasit na ƙarshe na 2006 ne, da tsohon sidi mai sifili da yawa tun kafin canjin kuɗi na 2007, tun daga nan ba wanda ya biya, bashi ya taru. Ɗakuna uku da shaguna biyu da aka ƙara babu inda aka nemi izini. Kuma lis ɗin ya faɗa ƙarara ba a mayar da gidan sunan wani sai da takardar yardar kamfanin, su kuma ba za su bayar ba sai an biya bashi an gyara fayil. Wato da na bada kuɗi ranar Juma'ar nan, da Mma ta shiga gida kam, amma a takarda gidan na mamaci ne, mu kuma baƙi ne a ciki da wata indenca da ba ofishin da zai karɓa.

Babbar maganar ma ita ce ta gado. Marigayin ya rasu a 2013, ya bar mata biyu, ɗaya ta bi shi ɗaya tana raye, da 'ya'ya tara. Bai bar wasiyya ba. Mai sayarwan ya ce ai malamai sun zauna sun raba tun bayan arba'in, kowa ya san kasonsa. Na yarda da shi, haka muke yi a Zango kuma haka addini ya ce, amma lauya ta ce ofis ba ya aiki da zaman da ba a rubuta ba. Dokar gado ta 1985, wadda ake kira PNDC Law 111, ta ce in mutum ya mutu ba wasiyya ya bar gida ɗaya, gidan na matarsa da 'ya'yansa ne gaba ɗaya, ɗa ɗaya ba zai sayar shi kaɗai ba ko shi ne babba. Sai iyali sun je kotu sun karɓo takardar masu kula da gado, L.A. kenan a bakin lauyoyi, sannan a yi takardar da take sauke gidan a sunan magada, sannan su sa hannu a sayar. In sun yarda a tsakaninsu a raba kuɗin yadda malamai suka lissafa wannan nasu ne, amma hannun kowa sai ya hau takarda. Na tambaye shi a hankali, Yaya duk sun san za a sayar? Ya ce bakwai sun sani. Ƙanwarsu ɗaya tana aure a Tamale, ɗaya ƙanin kuma yana Libiya an kwana biyu ba a ji shi ba, ita kuma tsohuwar, kishiyar uwarsa, tana ɗaya daga cikin ɗakunan nan biyu na tsakiya, an gaya mata wai gyara za a yi.

Wannan ita ta fi tsaya min a wuya. A fitar da wata uwa daga ɗakinta ba da saninta ba dan a saka tawa uwar? Da na gaya wa Mma ta ce "Allah ya kiyaye, ni ba zan kwana a ɗakin da wata ta fita tana kuka ba, in haka ne ku bar ni a Aboabo da ruwana."

Ban ce mutumin nan ɗan damfara bane, har yanzu ban ɗauke shi haka ba. Bashi ne ya taso shi, kuma shi a ransa gidan ubansa ne tunda a ciki aka haife shi, maganar lis da kuɗin ƙasa ko a mafarki bai taɓa ji ba. Dillalin ne na kasa gane masa, shekararsa nawa a unguwar nan, ya san layin nan sarai, la'adarsa kawai yake hange. Kawu ya same shi bayan sallar isha sun yi magana, ban san me suka ce ba, amma tun ranar bai ƙara kirana da zancen borgan Jamus ba.

Satin da ya wuce aka yi zama a falon gidan, kawu da limamin layin da lauya da magada shida, ta Tamale a waya. Tsohuwar ma an fito da ita an gaya mata gaskiya, ta yi kuka, ta ce ba ta ƙi a sayar ba in za a ba ta tumuninta a hannu ta koma wajen 'yarta a Sawaba, abin da ba ta so shi ne a mayar da ita kamar ba mutum ba. Muka ce mu har yanzu muna son gidan, amma farashin da aka faɗa na gidan "har abada" ne, wannan kuwa shekara 17 ne a ciki, dan haka ko su biya bashin kuɗin ƙasa su sabunta lis kafin ciniki, ko a cire duk wannan daga kuɗin mu mu yi da kanmu. An ɗan yi ja-in-ja, ɗaya daga cikin ƙannen ya tashi ya fita ya dawo, a ƙarshe dai suka zaɓi a cire. Lauya ta rubuta cewa ba kuɗin da zai fita sai takardar kotu ta fito kuma kamfani ya bada yarda a rubuce, sannan a biya ta banki, ba a leda ba.

Yanzu an shigar da takardun kotu, ta Tamale ta ce za ta zo da kanta bayan an yi hutun makaranta, na Libiya an samu wani abokinsa a Sabha da ya ce zai haɗa su a waya. Kuɗin na ce wa Yaya ya bar su a can a yuro tukuna kar ya turo. Adibas ɗin Mma na Aboabo zai ƙare nan da wata biyar, na je na roƙi mai gidan ko zai karɓi na wata shida kawai maimakon shekara biyu, ya ce zai yi tunani, jibi zan koma in ji.